Babi na Huɗu: Masu Kwanan Kango

Tun kafin a idar da sallar asuba, hanyar da ta taso daga Keffi zuwa Abuja ta riga ta cika. Daga Masaka zuwa Mararaba, daga Mararaba zuwa Nyanya, motoci ne jerin gwano, ga mutane cirko-cirko a bakin titi, kowa na miƙa hannu ko wani mai mota zai tausaya masa. A cikinsu akwai akawu, akwai nas, akwai mai share ofis, akwai ɗan sanda da kakinsa a leda, har da direban da zai je ya ɗauki maigidansa a Asokoro. Tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba in hanya a sake take, sai ta cinye awa biyu. Da yamma kuma a sake kwaso ta da baya.

Wanda ya bi ta Maitama ko Asokoro ko Guzape bayan isha'i, wata Abujar daban zai gani. A layi guda sai ya ƙirga gidaje da yawa da babu fitila ko ɗaya a kunne a benayensu. Katanga ta kai tsayin mutum biyu, an kewaye samanta da waya, ciyawa a gyare, amma labulen taga ya yi shekara ba a ɗaga shi ba. Hasken da ake hangowa guda ne, na ɗan ɗakin da ke bakin ƙofa inda maigadi yake. Sau da yawa mutumin Katsina ne, ko Jigawa, ko Maraɗi. Ya baro iyali a gida ya zo yana gadin ɗakuna goma da ba a kwana a cikinsu, shi kuwa da 'yan garinsu uku ko huɗu suna raba tabarma a ɗakin da aka gina domin mutum ɗaya.

Abuja ba ta rasa gine-gine ba. Abin da ta rasa shi ne ɗakin da mai albashin naira dubu 70 zai iya kamawa kusa da inda yake neman abinci.

A watan Disambar 2024 wata kotu a Abuja ta mallaka wa gwamnatin tarayya wani rukunin gidaje a Lokogoma, bayan hukumar EFCC ta shigar da ƙara. Gidaje 753 ne a fili guda mai faɗin fiye da murabba'in mita 150,000, akasarinsu masu bene, da yawa ba a kammala ba. Hukumar ta ce wani tsohon babban jami'in gwamnati ne ya gina su da dukiyar da ake zargin ba ta halal ba ce, ta kuma ce tun da aka kafa ta a 2003 ba ta taɓa ƙwato kadara guda mai girman wannan ba. Jama'a sun yi ta mamakin yawan gidajen. Mazauna Abuja kuwa abin da ya ba su mamaki shi ne yawan kawai, don gidan da babu kowa a ciki ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

In ana maganar ƙarancin gidaje a Najeriya, akwai wasu alƙaluma da ba a rasa ji. Yau a ce giɓin ya kai gidaje miliyan 17, gobe a ce miliyan 20, jibi a ce miliyan 28. A 2021 Babatunde Fashola, yana ministan ayyuka da gidaje, ya fito ya ce shi dai bai ga tushen adadin miliyan 17 ɗin ba, kuma matsalar ta birane ce, tunda ga gidaje can a ƙauyuka masu su sun kulle sun taho ci-rani. An yi masa ca, amma yana da hujja ta wani ɓangare: rabon Najeriya da ƙidayar jama'a da gidaje tun 2006. A waccan ƙidayar an samu mutum miliyan 1.4 a yankin babban birnin tarayya, kuma ko yaro ya san an ninka haka. Sai dai rashin ingancin lissafi bai sauƙaƙa wa kowa kuɗin haya ba. Shekara biyu kafin furucin ministan, a watan Satumbar 2019, wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin muhalli, Leilani Farha, ta zagaya Abuja da Legas da Fatakwal. Ta ga unguwannin kama-wuri-zauna da babu ruwa babu makewayi, ta kuma ga gidajen alfarma a kulle, har ta ba da shawarar a riƙa karɓar haraji a kan gidan da aka bari babu kowa. Shawarar tana nan inda ta ajiye ta.

Don a gane yadda aka zo nan, sai an koma farkon Fabrairun 1976, lokacin da Janar Murtala Muhammed ya sanar da cewa za a ɗauke babban birni daga Legas, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Bai cika mako biyu da wannan sanarwa ba aka kashe shi. Sunan ma aro aka yi. Abuja ta asali garin Hausawan Zazzau ne wanda Abu Ja ya kafa a 1828, da aka ɗauke sunan aka ba sabon birni sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Yau Suleja na cikin garuruwan da ma'aikatan Abuja ke fakewa saboda tsadar haya, wato garin da ya ba da aron suna shi ne kuma yake ba da aron wurin kwana.

Wani gungun kamfanonin Amurka mai suna International Planning Associates ne ya zana taswirar birnin, ya miƙa ta a 1979. Shahararren mai zanen gine-gine na Japan, Kenzo Tange, shi ya tsara tsakiyar birnin. An yi hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, da sama da miliyan 3 in an kammala, kuma za a yi ginin ne zango-zango har huɗu. A takarda tsarin bai manta da mai ƙaramin ƙarfi ba, ya tanadi unguwanni masu cakuɗe da manya da ƙanana, da hanyoyin sufurin jama'a da za su ratsa birnin. A ƙasa kuwa abin da aka fara zubawa kuɗi shi ne zango na farko: Garki, Wuse, Maitama, Asokoro da tsakiyar gari. Leburori da birkiloli da kafintocin da suka zo ginin aka yi musu sansani a Nyanya, a bakin iyaka, da sunan na wucin gadi. Wucin gadin nan ya haura shekara 40.

Sannan aka yi gaggawa. Bayan yunƙurin juyin mulkin Afrilun 1990 a Legas, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta matsa lamba, ranar 12 ga Disambar 1991 aka tare a Abuja. Ma'aikatu suka biyo baya da dubban ma'aikata, kuma kowane ma'aikaci guda akwai masu cin abinci a gefensa: mai shayi, mai wanki, mai faci, ɗan ga-ruwa, mai gyaran takalmi. Babu wanda ya lissafa da su. Ba Abuja kaɗai ta yi wannan kuskure ba. Brasilia, babban birnin Burazil da aka buɗe a 1960, haka ta yi da maginanta. A 1971 aka kwashe dubban mazauna bukkoki aka kai su wani sabon gari can gefe, aka sa masa suna Ceilandia, sunan da aka samo daga haruffan farko na shirin gwamnati na kawar da masu mamaye fili. Yau garin na cikin mafi yawan jama'a a yankin.

Babban ƙulli a Abuja shi ne fili. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, a Abuja kuwa ƙasar gaba ɗaya ta gwamnatin tarayya ce, kuma minista ne ke rabawa. Wannan ya sa takardar fuloti ta zama haja mai zaman kanta. Mai hanya ya samu takarda a kan kuɗi kaɗan, ya sa ta a durowa, ya jira a shimfiɗa kwalta a unguwar, sannan ya sayar a kan ninkin ba ninkin. Kafin fulotin ya isa hannun wanda zai yi gini da gaske, ya bi ta hannu uku ko huɗu, kowa ya ɗora ribarsa. Wanda ya sayi fili a kan miliyoyi masu yawa kuwa ba zai gina ɗakunan haya na talakawa a kai ba, ko da ya so. Lissafin ba zai fita ba.

To ina talakan ya nufa? Wurin 'yan asalin ƙasar. Da farko an yi niyyar kwashe Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da sauran mazauna yankin gaba ɗaya a sake musu matsuguni a waje, amma a 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta ga kuɗin diyya ya fi ƙarfinta, ta janye. Ƙauyukan suka zauna daram, birni ya taso ya zagaye su. Har gobe akwai ƙauyen Garki a tsakiyar Garki, akwai Mabushi, Durumi, Gishiri, Kpaduma da ke maƙale a bayan Asokoro. A irin waɗannan wurare baƙo kan je wurin mai unguwa ko magidanci ya sayi ɗan fili, a rubuta masa takarda a sa hannu da shaidu, ya kafa ɗaki biyu na bulon ƙasa ya rufa kwano. Mutumin Kano zai gane abin, ɗan'uwan awon igiya ne. Bambancin shi ne a Abuja wannan takarda ba ta da wata daraja a idon hukuma. Ranar da ma'aikatan kula da tsarin gini suka zo suka shafa jan fenti a bango, takardar ba ta hana katafila shiga.

Katafilar ta shigo da ƙarfinta tsakanin 2003 da 2007, zamanin da Malam Nasir el-Rufa'i ke ministan Abuja, har Hausawa suka laƙaba masa Mai Rusau. Hujjarsa ita ce a dawo da birnin kan taswirarsa ta asali. Adalci ne a faɗi cewa rusau ɗin bai tsaya kan talaka kaɗai ba, ya taɓa gine-ginen manya da aka ɗora a kan magudanan ruwa da filayen shaƙatawa, kuma a zamaninsa ne aka kafa hukumar AGIS aka mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, abin da ya rage fuloti guda mai takardu uku. Amma mai gida biyar da aka rushe wa ɗaya, da mai ɗaki ɗaya da aka rushe wa ɗayan, ba asara iri guda suka yi ba. An baje unguwanni irin su Chika da Aleita da Idu-Karmo. A wurare da yawa an bar gidajen 'yan asalin ƙasa har sai an sake musu matsuguni, aka rushe na baƙi ba diyya. Wani rahoto da ƙungiyar COHRE ta Geneva da SERAC ta Legas suka fitar a 2008 ya ƙiyasta cewa sama da mutum 800,000 aka raba da muhallansu a waɗannan shekaru.

Mutanen nan ba ɓacewa suka yi ba. Kaɗan sun koma garuruwansu, akasari kuwa gaba suka ƙara: Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa, Madalla da Suleja a jihar Neja, ko Zuba da Gwagwalada da Kuje. Hayar waɗannan wurare ta tashi nan take. A cikin wannan tsakanin ne kuma gwamnatin Obasanjo ta daina bai wa ma'aikata gida, ta koma ba su kuɗi a madadinsa, aka sa gidajen gwamnati na Abuja a kasuwa. Ma'aikacin da ya iya haɗa kuɗi ya mallaki gidan da yake ciki, kuma da yawa sun ji daɗin hakan. Wanda aka ɗauka aiki bayan nan kuwa ya tarar babu sauran gidan gwamnati da zai shiga. A Oktoban 2006 aka hana acaɓa a cikin birni, wata hanyar abinci ta dubban matasan Arewa ta koma gefen gari ita ma.

Ba kullum katafila ke yin nasara ba. A 2012 hukumar Abuja ta ba da sanarwar rushe Mpape, unguwar da ke kan duwatsu tana kallon Maitama, inda dubun dubatar masu hidimar Maitamar ke kwana. Mazauna suka garzaya kotu, aka yi ta shari'a har Fabrairun 2017, kotu ta hana rusau ɗin. Amma salon bai sauya ba. A Oktoban 2024 minista Nyesom Wike ya ba mabarata wa'adin barin titunan Abuja, a wata mai bi masa kuma aka baje unguwar Ruga da ke yankin Wuye. Kowane minista ya zo da hujjar tsaro da tsafta, kuma hujjar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, ɓata-gari na fakewa a irin waɗannan wurare. Abin da ba a cika ji daga bakin hukuma ba shi ne inda mai goyo da 'ya'ya huɗu za ta kwana a daren ranar da aka rushe ɗakinta.

Sai kuma ita kanta hayar. A Abuja ba a san biyan wata-wata ba. Shekara guda ake biya a dunƙule, wani mai gidan ma ya ce biyu. A kan wannan akwai la'adar dillali, galibi kashi 10 cikin 100, akwai kuɗin lauya, akwai kuɗin ajiya na ko-ta-kwana saboda ɓarna. A ɗauki misalin ɗaki mai banɗaki a ciki da aka yi wa kuɗi naira dubu 600 a shekara, kafin a miƙa makulli sai mai kamawa ya ajiye abin da ya doshi dubu 800. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira dubu 70 ne a wata, wato dubu 840 a shekara, in mutum bai ci ba bai sha ba bai hau mota ba. Ana biyan ma'aikaci wata-wata, ana neman haya a hannunsa shekara-shekara. Shi ya sa watan sabunta haya ya zama watan bashi, watan cin adashi, watan sayar da 'yan kunnen uwargida. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kawo ƙudirin da zai tilasta karɓar haya wata-wata a Abuja, ya tsallake karatu na biyu a majalisar dattawa, daga nan aka daina jin ɗuriyarsa. Legas ta yi dokar taƙaita kuɗin gaba tun 2011, amma inda mutum goma ke layi a kan ɗaki ɗaya, mai neman ɗakin da kansa zai roƙi a karya dokar.

Masu gidajen ma suna da abin faɗa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000. Rodi da kwano da fenti duk sun bi dala. Zuwa ƙarshen shekarar Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, don haka mai ginin da ya ci bashin banki sai ya biya sama da haka. A unguwanni da yawa shi zai haƙa rijiyar burtsatse, shi zai sayi taransifoma, wani lokaci har hanya shi zai gyara. Duk wannan a kan ɗan haya yake ƙarewa.

Akwai asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, inda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, domin ya samu rance daga bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya a kan ruwa kashi 6, ya biya cikin shekaru har 30. A kasuwar Najeriya wannan rance kamar kyauta ne. Amma kafin a ba mutum sai gidan da zai saya yana da cikakkiyar shaidar mallaka, kuma sai albashinsa ya isa ɗaukar biyan. Ƙaramin ma'aikaci yakan shekara da shekaru ana yanka masa, ya yi ritaya bai taɓa cika sharuɗɗan ba. Mai shayi da ɗan ga-ruwa kuwa ko takardar albashin ba su da ita.

Me zai sa mai gida ya bar gidansa a kulle shekara da shekaru maimakon ya rage haya? A kasuwar tumatir wanda bai sayar ba da yamma dole ya karya farashi, don kayansa za su ruɓe. Gida ba ya ruɓewa, kuma da yawa daga manyan gidajen Abuja ba don a zauna aka gina su ba. Ma'ajiyar kuɗi ce. Wanda naira ke narkewa a hannunsa yana neman inda zai daskarar da ita, wanda kuma kuɗinsa ba sa son a tambayi asalinsu ya fi kowa son bulo da siminti. Mai irin wannan gida bai ci bashi ba balle banki ya matsa masa, ba ya biyan wani haraji mai zafi a kan barin gidan a rufe, kuma darajar filin na hawa ko da mutum a ciki ko babu. Ɗan haya ma a wurinsa ɗawainiya ce. Abin da yake buƙata maigadi ne kawai.

Nan ne kango ya shigo. A Turai da Amurka marar muhalli a fili ake ganinsa, a kwance a bakin shago cikin bargo. A Abuja akwai masu kwana a ƙarƙashin gada da tashoshin mota, amma mafi yawan marasa muhalli ido ba ya ganinsu. Suna cikin benayen da aka fara aka bari, an toshe tagogi da buhu da kwali, an ja wuta ta ɓarauniyar hanya, ana ba maigadi wani abu duk wata. Suna cikin shaguna bayan an tashi kasuwa, da barandar masallatai, da bacocin kwano a fulotin da mai shi bai zo gini ba tukuna. Wasu iyalai ne cur, da yara masu zuwa makaranta. In aka tambayi ɗayansu ko yana da wurin kwana zai ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyarsa yake faɗa. Sai dai wurin kwanan nan babu ƙofar da zai kulle, babu makewayi, kuma saƙo ɗaya daga mai ginin ya isa ya watse da su kafin azahar.

Abin da ke rufa wannan asiri tsohuwar al'ada ce. A ƙasar Hausa gida na da zaure, kuma zaure na baƙo ne, matafiyi ko almajiri ko ɗan ci-rani ba ya rasa inda zai shimfiɗa buzu. A zangunan kudu, daga Sabo na Ibadan zuwa Zangon Kumasi, akwai masu gida da fatomai da ke sauke fatake, su ba su ɗaki, su tsaya musu a ciniki. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya nuna yadda cinikin shanu da goro kacokan ya dogara da waɗannan masu masauki. Abuja ba a gina ta da zaure ba, da geti aka gina ta. Amma al'adar ta sami hanyarta: ɗakin maigadi ya zama zaure, teburin mai shayi ya zama inda sabon zuwa ke tambayar 'yan garinsu. Zumuncin talakawa ne ke ɗauke da nauyin da hukuma ta ƙi ɗauka, kuma saboda yana ɗauka ɗin, hukuma ba ta ganin nauyin.

A kan waɗannan aka ƙara 'yan gudun hijira. Tun wajejen 2014, da Boko Haram ta mamaye Gwoza da kewayenta, dubban mutanen Borno suka sauka a Durumi da Kuchingoro da Wassa. A Durumi, tafiyar 'yan mintuna daga sakatariyar tarayya, an haifi yara a bukkokin leda da buhu, sun yi wayo a ciki, yanzu wasunsu sun isa shiga sakandare.

Gwamnatoci sun sha gwada gini da kansu. Shugaba Shehu Shagari ya zo a 1979 da alƙawarin gidaje 40,000 duk shekara, 2,000 a kowace jiha. Zuwa 1983 abin da aka kammala bai wuce kimanin 32,000 ba gaba ɗaya, kuma da yawa an gina su can bayan gari, a wasu jihohin saboda gwamnonin adawa sun ƙi ba da fili mai kyau. Duk da haka har yau akwai unguwannin da ake kira da sunan Shagari a garuruwa da dama, gari ya zo ya same su. A daidai wannan lokaci Lateef Jakande ya gina kimanin gidaje 30,000 a jihar Legas kaɗai, a Amuwo-Odofin da Iponri da Abesan da Isolo da sauransu, benaye marasa ado da malamin makaranta zai iya saya. Wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne in an nufi mai ƙaramin ƙarfi tun daga zanen gini. A Abuja kuwa Gwarimpa, babban rukunin gidajen da aka gina zamanin Janar Sani Abacha, tuni ta zama unguwar masu hali.

Daga cikin na baya-bayan nan akwai rukunin gidaje 3,112 da Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashinsu a Karsana a Fabrairun 2024. Da kuɗin 'yan kasuwa ake ginin, kuma ministan gidaje na lokacin, Ahmed Musa Dangiwa, da kansa ya bayyana bambancin: gida mai ɗakin kwana ɗaya da gwamnati ta gina da kuɗin kasafi a jihohi yana kamawa naira miliyan 8 zuwa 9, irinsa da 'yan kasuwa suka gina yana kai wa wajen miliyan 22, saboda su suke sayen fili, su ci bashi mai tsada, su shimfiɗa hanya. Mai mafi ƙarancin albashi sai ya tara albashinsa kaf na shekara 26 kafin ya haɗa miliyan 22. Gidajen za su amfani wasu, babu shakka, amma ba mutanen da ke tsaye a bakin titin Mararaba da asuba ba.

Su waɗannan, abin da suka rage a haya suna biyansa a mota. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, zuwa Oktoban 2024 ta haura 1,000 a Abuja. Wasu ma'aikata suka koma zuwa ofis kwana biyu ko uku a mako, wasu suka koma kwana a ofis ko masallacin ma'aikata daga Litinin zuwa Juma'a. Jirgin ƙasa na cikin birni da aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, aka sake tayar da shi a Mayun 2024, yana zuwa filin jirgin sama da Idu da Kubwa. Bai zuwa Nyanya da Mararaba, inda cunkoson yake. Ranar 14 ga Afrilun 2014 da bam ya tashi a tashar motar Nyanya ya kashe sama da mutum 70, da sassafe ne, kuma waɗanda suka mutu masu sammakon zuwa aiki ne a birnin da ba su da halin kwana a cikinsa.

Maganin ba ɓoyayye ba ne, kuma ba sai an je Turai an koyo ba. Hukumar da ta mallaki kowane taku na ƙasar Abuja tana iya ware fili kusa da gari, ta kai ruwa da hanya, ta yanka ƙananan fulotai da takarda sahihiya, ta bar mutane su gina da kaɗan-kaɗan yadda suka saba. Tana iya shiga Mpape da Gishiri da kwalbati da famfo maimakon katafila. Tana iya sa wa gidan da ya shekara a kulle harajin da zai sa mai shi ya nemi ɗan haya. Kowanne daga cikin waɗannan zai taɓa aljihun wani mai faɗa a ji, kuma masu yanke hukuncin su ne masu fulotan.

A watan Mayun 2025 EFCC ta miƙa gidajen Lokogoma 753 ga ma'aikatar gidaje. Ma'aikatar ta ce za ta duba ingancinsu, ta kammala ginin, sannan ta sayar wa jama'a a fili ba tare da son kai ba. Ko da an cika wannan alƙawari ɗari bisa ɗari, manyan gidaje ne da sai mai miliyoyi zai taya. Leburorin da za su ƙarasa ginin, a cikin kangon za su riƙa kwana har ranar da za a shafa fenti.